Magen Zulkiflu da Tuwon Suna

In kana neman mutumin da zai zaunar da kai ya yi maka bayanin yadda jirgin ƙasa ke gudu ba direba, alhali ko ƙwan fitilar ɗakinsa ya mutu sai ya kira mai gadi ya canza masa, to ka zo unguwar Pantai Dalam a Kuala Lumpur ka tambayi Zulkiflu. Ba ma sai ka faɗi sunan ba, ka ce Injiniya kawai, sunan da ya raɗa wa kansa ba tare da ya yanka ko kaza ba.

Karatun da ya kawo shi Kuala Lumpur ba ruwansa da ƙarfe ko waya. Digiri na uku yake yi a kan kula da ma'aikata, wai yana binciken yadda na'urori ke karɓe ayyukan mutane. Karatun ya yi ta ja har waɗanda suka zo suka tarar da shi suka gama, suka koma gida suna koyarwa, shi yana nan yana gyara babi na biyu. Amma a baki kam ya daɗe da zama farfesa. Majalisarsa ita ce mamak ɗin bakin titi, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, inda samarin Najeriya ke taruwa shan shayi.

"Ku duba wurin nan da kyau," in ji shi, yana nuna wata na'ura mai taya da ke yawo tsakanin tebura da faranti a kanta. "Last year yaran Bangladesh ne cike da nan suna gudu da tire. Yanzu ina suke? Wallahi nan gaba kaɗan hannun mutum zai zama decoration. Ofis, asibiti, kicin, har gida. Mace ma sai dai a ajiye ta don hira."

Imran, wani gwauro ɗan Zariya da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya ce, "To Injiniya, ba a ƙera wadda za ta gama maka thesis ba tukuna?"

"Kai dai ci gurasarka ta roti. Wannan maganar ta fi ƙarfin kanka."

Ana cikin haka matarsa Ruƙayyatu ta haifi ɗa namiji, haihuwar fari. Mahaifiyarta ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, don haka mahaifinta, Alhaji Ado, wani dattijon ɗan kasuwa daga Kano, shi ya hau jirgi ya taho. Ya zo da kuka da daddawa da man shanu da yaji, ya kuma zo da saƙon da Hajiya ta ɗora masa: ya duba da idonsa, in yarinya tana cikin kula a bar ta wurin mijinta, in kuwa ba haka ba, da zarar takardun jariri sun fito ya taho da ita da ɗanta gida, su zauna har mijin ya gama karatu. Ruƙayyatu ce ta tsegunta wa Zulkiflu wannan, hankalinsa kuwa ya tashi, domin shi ya fi kowa sanin cewa "har ya gama karatu" ba rana ba ce da ke cikin kalanda.

Sai ya shiga dabara. Da farko ya yi wa Alhaji takwara, aka sa wa yaro Adamu. Na biyu kuma ya ƙudurta zai yi walimar sunan da za ta nuna wa suruki cewa 'yarsa tana hannun mutumin gobe.

A al'adar Hausawan Pantai Dalam, duk wanda ya samu ƙaruwa, matan unguwa ne ke haɗuwa su dafa su kuma raba, ƙarƙashin Anti Bintu, matar wani malamin jami'a da ta fi kowa daɗewa a garin. Ita ta san wa ake fara kai wa, wa ake ƙara wa nama, wa ake lallashi. Zulkiflu ya same ta a ƙofar gidanta.

"Anti, girki dai za ku yi. Rabo kuma kun huta, na yi automating ɗinsa."

"Ka yi me?"

"Na yi hayar robot daga wani kamfani. Ita za ta kai wa kowa. Babu hayaniya, babu son kai, babu a zuba wa wane a hana wane. Zero human error."

Anti Bintu ta dube shi tun daga hula har silifa. "Ka ce sallamarmu ka zo yi."

"Ba sallama ba ce, Anti, restructuring ne."

"To madalla. Ita na'urar taka ta san surukinka?"

"Ta san table one. Ya ishe ta."

"Boleh, mun amince," in ji Anti Bintu. "Mu dai za mu tuƙa, mu zuba, mu ɗora mata. Daga nan ko cokali ya faɗi ba mai ɗagawa a cikinmu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ranar walima aka kawo na'urar zauren taro da ke ƙasan benensu. Tsayinta ya kai ƙirjin mutum, tana da hawa uku na ɗora abinci, a samanta kuma allo mai fuskar mage, har da kunnuwa. Tun kafin a kunna ta mata suka raɗa mata Magen Zulkiflu. Mutumin kamfanin da ya kawo ta ya tambayi yadda ake so baƙi su riƙa sallamar ta in sun ɗauki abinci: su danna maɓalli, ko su kaɗa mata hannu? Zulkiflu ya yi murmushin masana ya zaɓi kaɗa hannu.

"Mutanenmu da hannu suke ci," ya gaya wa Imran. "Wa zai danna screen da miya a yatsa? Ka ɗaga mata hannu kawai, ta juya. Wannan shi ake kira localisation. Tunanina ne."

"Allah ya ƙara basira," in ji Imran, idonsa na kan tukunyar nama.

Bayan azahar zaure ya cika. Zulkiflu ya karɓi makirufo, cikin shadda mai ƙyalli, ya yi jawabin da ba wanda ya roƙe shi. Ya ce yau za a ga tarihi. Ya ce daga kicin zuwa bakin baƙo hannun ɗan Adam ba zai taɓa tire ba. Ya maimaita maganarsa ta majalisa, har da ta ajiye mace don hira, yana satar kallon Alhaji Ado. Alhaji yana jan carbi, ya ce, "Uhm." Daga sashen mata aka ji wani tsaki mai tsawo, amma Zulkiflu ya ɗauka fanka ce.

Ya danna waya. Mage ta fito daga ɗan ɗakin da aka mai da kicin, ɗauke da tuwon shinkafa da miyar kuka da farfesun rago, tana kaɗa wani ɗan kiɗa. Yara suka miƙe tsaye. Ta yi tafiyarta a natse har bakin ƙofar zaure, nan ta ci karo da abin da duk binciken Zulkiflu bai hango ba: takalma. Bahaushe ba ya shiga wurin da aka yi shimfiɗa da takalmi, kuma ba ya jera shi. Tulin silifa da sandal da sau-ciki ya toshe ƙofa kamar kasuwar gwanjo. Mage ta tsaya, ta ja baya, ta gwada hagu, ta gwada dama, ta koma ta tsaya tana lumshe ido.

Injiniya ya tattare shadda ya durƙusa yana kwashe takalman jama'a, yana watsawa gefe.

"Ka ga an samar da sabon aiki," in ji Imran da ƙarfi. "Mai share wa mage hanya. Ka sa a thesis."

Da ƙyar ta shigo, da wani silifa maƙale a tayarta yana ƙara kamar ɗan tsako. Ba ta yi nisa ba ta tarar da dattawa biyu tsaye a tsakiyar hanya sun riƙe hannun juna suna gaisawa. An tambayi iyali, an tambayi karatu, an tambayi mutanen gida, an koma kan iyali. Mage ta tsaya a bayansu tana ta faɗin "Tumpang lalu, tumpang lalu," wato a ba ta hanya da Malayanci. Ɗayan ya waiwayo ya harare ta.

"Wannan wace irin mara tarbiyya ce? Manya na gaisawa tana sa baki."

Zulkiflu ya ruga ya raba gaisuwar da hannunsa, abin da ko mahaukaci ba ya yi a gidan suna. Dattawan suka koma gefe suna jinjina kai.

Sai ga matsala ta uku. Teburi na ɗaya, wanda Zulkiflu ya yi wa ado da farin ƙyalle da furen roba don surukinsa, babu suruki a kansa. Tun shigowarsa Alhaji Ado ya dubi kujerun robar nan ya ce shi gwiwarsa ba ta son su, aka shimfiɗa masa darduma can kusa da taga, manyan baƙi suka bi shi ƙasa. Da teburi ya zama ba mai shi, gwauraye suka gaje shi, Imran a kan gaba. Mage kuwa lamba ta sani, ba ta san furfura ba. Ta wuce dattawa ko kallo, ta je ta tsaya gaban Imran ta ce a ci lafiya.

Kafin Zulkiflu ya tsallake yara ya iso, farfesun da aka ware wa manya, mai ƙoda da hanta, ya zama tarihin da ya yi alkawari.

"Imran! Na Baba ne fa!"

"Ni na kira ta? Zero human error, Injiniya. Makan, makan, a ci abinci, jama'a."

Ya juya wajen mata yana neman agaji da ido. Anti Bintu ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana fifita da murfin kwali, sauran matan sun jeru a bayanta kamar masu kallon ƙwallo. Ta ce, "Mu an yi mana restructuring."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya tsuguna ya yi ta latse-latse har ya samu ya nuna wa na'urar inda dardumar Alhaji take. Aka sake ɗora mata tuwo da miya da abin da ya rage na nama. Wannan karon ta tafi tiryan-tiryan ta tsaya gaban Alhaji Ado. Ƙamshin man shanun da ya ɗauko da hannunsa tun daga Kano ya daki hancinsa. Tun saukarsa garin nan bai ci abin da ya zauna masa a ciki ba, shinkafa ce mai kwakwa safe da yamma, kuma ranar ko karin kumallo bai yi sosai ba don ya bar wa tuwon nan wuri.

Amma dattijo ne, kuma a taron surukinsa yake. Ko yaron goye a Kano ya san babba ba ya cafke abinci daga tayin farko, balle a gidan mijin 'yarsa. Sai ya ƙi, a ajiye masa, a roƙe shi, ya sake ƙi, a ce don albarkar jariri, sannan ya sa hannu kamar an tilasta shi. Don haka Alhaji ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haifi Zulkiflu. Ya ɗaga hannu ya kaɗa a hankali ya ce, "Alhamdu lillahi, a kai wa baƙi tukuna."

Mage ta ce ta gode, ta juya, ta kama hanya.

Alhaji ya bi ta da kallo, hannunsa bai ma gama sauka ba. Dattijon da ke kusa da shi ya yi tari. A hanyarta ta komawa kuwa Imran ya riga ya gano cewa duk wanda ya miƙa ƙafa gabanta sai ta tsaya, don haka ya kafa mata shingen bincike a gefen teburinsa. Ta isa kicin fayau.

Da mai hankali ne, da ya ɗauki kwano da kansa ya je ya durƙusa gaban suruki, magana ta ƙare. Amma Zulkiflu ya riga ya rantse a makirufo cewa hannu ba zai taɓa tire ba, kuma a wurinsa gara a yi asarar tuwo da a yi asarar jawabi. Ya ce a sake lodi.

Mage na tsakiyar zaure liman ya ga abin yana neman lalacewa, ya ce bari a yi wa jariri addu'a ko hankali ya kwanta. Jama'a gaba ɗaya suka ɗaga hannu. Mage ta ga hannuwa ta gabas, ta juya, ta ga hannuwa ta yamma, ta sake juyawa. Ta shiga zagaye a wuri ɗaya tana godiya, miya na fantsama a kan kafet, liman na addu'a yana leƙen ta da ido ɗaya. Da aka shafa fatiha ta yanke shawara ta koma wajen Imran.

Aka kuma turawa. Ta isa gaban Alhaji lafiya. Zulkiflu daga nesa yana ta yi masa alama da ido da gira, wai kada ya motsa hannu. Alhaji ya ga surukinsa na yamutsa fuska kamar mai ciwon ciki, bai gane komai ba. Shi dai a lissafinsa wannan tayi na biyu ne, kuma na biyu ma ƙi ake yi, sai dai a sassauta. Ya ɗan ɗaga yatsu kaɗan, kamar mai korar ƙuda, ya ce, "Ai da an bar shi..."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Ado. "Wannan ba ta san tayi ba, ba ta san kara ba."

Yanzu zaure ya daina ɓoye dariya. Ruƙayyatu, da ke cikin mata da jariri a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ubanta ne fa zaune da yunwa a tsakiyar mutane, gwauraye na suɗe hannu da man shanunsa.

Anti Bintu ta leƙa tukunya, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Injiniya, malmala ɗaya ta rage, miya kuma ta kai gindi. Ba a san maci tuwo ba sai yanzu."

Zulkiflu ya bi na'urar a baya da kansa wannan karon, yana taka ƙafar duk wanda ya yi niyyar miƙewa, har ya kai ta gaban darduma, sannan ya koma gefe ya sunkuyar da kai don kunyar suruki. Tayi na uku ke nan, wanda ake karɓa. Fuskar Alhaji ta saki. Ya gyara zama, ya matso har gefen babbar rigarsa ya shiga ƙarƙashin taya, ya yi bisimilla. Sannan ya yi abin da duk mai babbar riga ke yi kafin ya sa hannu a kwano: ya ɗaga hannun dama ya wurga hannun rigar bisa kafaɗa.

Mage ta yi godiya ta juya da ƙarfinta, tayar ta naɗe gefen riga. Alhaji ya ja, ita ma ta ja. Hular dattijo ta faɗi, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, aikin wuyan riga ya ce ƙyat. Zulkiflu ya daka tsalle ya rungume na'urar ta baya yana ihu, "Stop! Berhenti! Tsaya don Allah!" Da ya jijjiga ta, kwanon miya ya zame daga hawa na sama ya kife a cinyar Alhaji Ado, malmalar ƙarshe ta gangaro ta bi ta kan darduma ta tsaya a gaban liman.

Ba abin da ake ji sai ɗan kiɗan Mage da ƙarar silifan da ke maƙale a tayarta har yanzu.

Alhaji Ado ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya sa. Ya dubi koriyar miyar da ke bin farar shaddarsa, ya lakato kaɗan da yatsa ya ɗanɗana.

"Miya ta yi daɗi," ya ce wa sashen mata. "Allah ya yi muku albarka." Sannan ya juyo. "Malam Zulkiflu."

"Na'am, Baba. Baba, calibration ne kawai, in aka..."

"Ɗazu na ji ka ce nan gaba hannun mutum ado ne, mace ma sai don hira."

"Baba, ai a ilimance nake nufi..."

"Ni ban yi boko ba, amma ina ɗaukar maganar masu ilimi da muhimmanci. Hira ana yin ta a waya." Ya ɗaga murya kaɗan. "Ruƙayya, ki fara haɗa kayanki da na takwarana. Takardunsa na fitowa za mu wuce. Shi kuma ga wannan baiwar Allah nan ta kula da shi, na ga sun saba. Ranar da ya gama karatu ya zo Kano, zan sa a kawo masa tuwo. Da hannu."

Ruƙayyatu ta miƙe ta saɓa jariri a kafaɗa. Anti Bintu ce ta riƙa mata jaka.

Kafin la'asar zaure ya watse, kowa na neman takalminsa a inda Injiniya ya watsa su, ana tsine wa ci gaba. Ruwan yamma irin na garin ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Zulkiflu ya zauna shi kaɗai a teburi na ɗaya, gaban furen roba, ya haɗa kai da gwiwa. Tun safe ko ruwa bai sha ba.

Can sai ya ji ɗan kiɗan nan yana matsowa. Bai ko ɗago ba, baƙin ciki ya ishe shi. Ya kaɗa hannu da ƙarfi ya ce, "Tafi can, annoba!"

Ta yi godiya ta juya. A lokacin ne ƙamshi ya iske shi. Ya ɗago ya hango abin da ke kanta: ƙanzon tukunya ne da Anti Bintu ta kankare, ta yayyafa masa sauran man shanu, ta turo masa don tausayi. Ya miƙe ya bi ta a guje, shadda na harɗe shi, yana kira, "Dawo! Ke, dawo mana!"

A bakin ƙofa Imran na tsaye yana jiran ruwa ya tsagaita. Ya miƙa ƙafa, Mage ta tsaya masa cikin ladabi. Ya juye ƙanzon a leda, ya ƙulle baki.

"Tapau," ya ce, wato ƙunshin tafiya gida da yaren garin. "Sannu da aiki, Injiniya. Ai ka sallame ta, ni shaida ne."